Matatar sigina ko akwatin soke hayaniya a mita 630?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko matatar sigina (filta) ko akwatin soke hayaniya ne zai fi maka wajen sauraron mita 630, zangon masu rediyon sha'awa. Matatar za ka nema, irin wadda ke barin sigina masu ƙaramin kHz su wuce ta datse na sama da su. Akwatin soke hayaniyar da kake auna ta da shi ba maganin ciwonka ba ne. Abin da ya sa na faɗa maka kai tsaye shi ne bayanin da ka yi, cewa muryoyin gidajen rediyo kake ji a cakuɗe tsakanin 472 da 479 kHz, kuma abin ya fi ƙamari bayan magariba.

Babu gidan rediyon da ke watsa shiri a wurin nan. Taron ITU, hukumar sadarwa ta duniya, na 2012 ne ya ware wa masu rediyon sha'awa shi, da ƙarfin da bai wuce wat 1 ba, wasu ƙasashen 5, a abin da ke fita daga eriya. Maƙwabtanmu, gidajen rediyon matsakaicin zango, kuwa daga 531 kHz suka fara, wasunsu da ɗaruruwan kilowat. Muryoyin da kake ji a cikin risibarka ake haifar su. Idan tashoshi biyu masu ƙarfi suka danno amfilifayar farko suka fi ƙarfinta, sai ta gauraya su ta fitar da na uku wanda babu shi a iska. Ɗauki tasha a 1503 da wata a 1026: bambancinsu 477, cikin wurinmu. Da yake a Turai da Afirka da Asiya tazarar 9 kHz ake ba tashoshin, 477 kuma ninkin 9 ne, duk biyun da ke da wannan rata nan za su sauka. Da dare kuma ɓangaren sararin sama da ke shanye matsakaicin zango da rana yakan ɓace, sai na nesa su zo su taru a kan na kusa. Idan risibarka SDR ce, wato mai aiki da kwamfuta, irin ƙaramar nan mai bit 8, ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan lodi.

Kafin ka kashe ko sisi, ka saka abin rage sigina na 10 dB (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan) a bakin risiba. Sigina na gaske zai sauka da 10 daidai. Na bogi zai faɗi da 20 ko 30, wani ma ya ɓace gaba ɗaya. In ka ga haka, magana ta ƙare.

Tawa matatar da hannuna na haɗa ta, koyil da kafasita ne kawai cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, ba batir ba maɓalli. Daren da na fara ɗaura ta ina kallon allon kwamfuta, layukan nan masu kauri da suka saba cika fuskar suka tafi, ƙasan hayaniyar ma ya sauka, abin da ban yi tsammani ba, domin ashe wani kaso na shuuu ɗin da nake ɗora wa yanayi tarkacen gaurayar ne. Na bar WSPR, manhajar da ke tsinto raunanan sigina na masu rediyon sha'awa, a kan 474.2 kHz na kwanta. Da asuba na tarar da sunayen tashoshin da a da ko inuwarsu ban taɓa gani ba. Har yau tana nan a inda na ɗaura ta, ban sake taɓa ta ba, kuma ba na jin akwai wani abu a teburina da ya biya ni kamar ta.

Sai dai ka sani mita 630 wuri ne mai wuyar tacewa. Daga 479 zuwa 531 ratar 52 kHz ce kacal, don haka matata mai sassa uku ba za ta yi maka komai ba a kan tashoshin da ke ƙasan zangon. Ka nemi mai sassa bakwai, ƙirar da ake kira eliptik, wadda ke faɗowa da sauri bayan 500 kHz. In akwai tasha guda kusa da kai da ta fi kowa ƙarfi, ka ƙara mata tarko nata, koyil ɗaya da kafasita ɗaya da aka saita daidai kanta. Kafasita su zama C0G ko na polifirofilin, zoben koyil kuma na garin ƙarfe, domin ƙaramin ferait idan sigina ya yi masa yawa shi ma gaurayar yake yi. A mita 2200, wato 135.7 zuwa 137.8 kHz, matsakaicin zango ya yi nisa, tace shi ba wuya. Can masu damun mutane su ne tashoshin dogon zango da wasu manya biyu da suka sa wurin a tsakiya, HGA22 ta Hangare a ƙasa, DCF39 ta Jamus a sama.

Akwatin soke hayaniya ina da shi, yana cikin durowa. Sai ka kafa masa eriya ta biyu, hayaniya ɗaya yake iya sokewa a lokaci guda, da ka matsa sai ka sake murɗe-murɗe, yawancinsu kuma don 1.8 MHz zuwa sama aka yi su. Ga shi da tasa amfilifayar, wadda tashoshin nan za su danne kamar yadda suka danne taka. Inda zan ba shi haƙƙinsa shi ne gurnanin inbata ko caja ko fitilar LED ta maƙwabci, domin wannan gurnani yana zaune ne a cikin wurin da kake saurare, matata ba ta iya raba shi da sigina. Ko a nan ma ni zan fara da naɗa kebul a zoben ferait mai lamba 75 ko 77, ko eriya mai zagaye da zan juya har ƙarar ta mutu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Da yawa cikin abin da ake tallatawa da sunan matatar AM don masu gajeren zango aka yi shi, yana yanke duk abin da ke ƙasa da kamar 2 MHz, har da wurin da kake nema. Wani mai kayan ya san haka sarai, zai ce maka tana aiki a kowane zango. Wasu kuma hoton awon kayan wani suke liƙawa a nasu. Ka sa ya faɗa maka dB nawa take ci a 475 kHz, nawa take datsewa a 550 da 1000. Wanda ya kama kame-kame, bar shi da kayansa. In ta iso, ka auna ta da ƙaramar na'urar awon nan, NanoVNA, tun lokacin mayarwa bai wuce ba.

Ka ɗaura ta gaban kowace amfilifaya, ba bayanta ba. In eriyarka irin su Mini-Whip ce mai amfilifaya a jikinta, mai yiwuwa tun a can sama ake yin gaurayar, kuma matatar da ke ɗaki ba za ta cire abin da ya riga ya sauka a 477 ba. A wannan hali sai ka rage tsayin sandarta ko girman farantinta tukuna, sannan ka sake gwajin 10 dB ɗin.