Yankan Sabon Makullin Mota a Ƙofar Ruwa: Aikin Ya Yi Kyau, Amma Akwai Gyara

Motata Toyota Camry ce ƙirar 2008, irin wadda aka shigo da ita daga Amurka bayan an yi amfani da ita a can, kuma kamar yawancin motocin da muke kira Beljiyam, da makulli ɗaya tak ta zo hannuna. Shekara shida ina amfani da shi ban taɓa tunanin yin sifiya ba, har haƙoransa suka cinye, robar kansa ta tsage na ɗaure ta da salatif, ya zamana kowace safiya sai na jijjiga sitiyari ina lallaɓa makullin kafin ya yarda ya juya. Ranar da ya ƙi fita daga makunnin gaba ɗaya a bakin masallacin Juma'a, na yi kusan minti ashirin ina fama da shi mutane suna wucewa suna yi mini sannu, a ranar na yanke shawarar neman wani.

Da farko na yi abin da kowa zai yi, wato na kai wa mai yankan makulli na bakin titi, wanda yake yanka na gida da na kwaɗo. Cikin minti biyar ya kwafe shi a kan farin ƙarfe, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Sabon ya buɗe ƙofa, ya shiga makunni, ya juya, kik ya yi ta bugawa, amma injin ya ƙi tashi, ƙaramar jar fitilar tsaro da ke gaban mota kuma tana ta ƙiftawa. Ban ga laifin mutumin ba, domin abin da ya iya ke nan, kuma shi da kansa ya ce mini aikin na masu kwamfuta ne, in nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano.

Shagon da na je yana cikin layukan masu sayar da kayan gyaran mota, ɗan ƙarami ne wanda mutum uku ba za su zauna a ciki su sake ba, bangonsa kuma cike da ƙarafan makullai da ba a yanka ba, an rataye su bisa ga kamfanin mota. Mai shagon, wanda yaransa suke kira Oga, ya karɓi tsohon makullin, ya ɗaga shi wajen haske, ya nuna mini wani ɗan ɗigo da aka buga a jikin ƙarfen kusa da robar kai, wanda ni ban taɓa lura da shi ba. Ya ce ɗigon shi ne alamar irin ƙwayar lantarkin da ke ɓoye a cikin kan makullin, wadda suke kira 4D67, kuma motocin Toyota da suka biyo baya suna ɗauke da harafin G ne, na bayansu kuma H, don haka ba a sa ta wannan a waccan. Ƙwayar ba ta da batir. Akwai wani zoben waya da ya kewaye bakin makunnin, shi ne yake ba ta wuta da zarar an zura makulli, ita kuma ta amsa da lambarta, idan lambar ba ta cikin waɗanda motar ta sani, injin ba zai tashi ba ko da ƙarfen ya yi daidai. Wannan bayani da ya yi mini ba tare da na roƙa ba shi ne farkon abin da ya kwantar mini da hankali, domin wanda ya san abin da yake yi ba ya jin ƙyashin faɗa.

Inda na fi yaba masa shi ne wajen yankan ƙarfen. Na miƙa masa kwafin da aka yi mini a bakin titi ina cewa ya sa masa ƙwaya kawai mu huta, sai ya girgiza kai ya ce: “Alhaji, wannan ai cinyayyen makulli aka kwafa, idan na yi aiki a kansa gobe ma sai ka jijjiga sitiyari.” Ya ɗaura tsohon a wata na'ura mai allo, wani siririn tsinke ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana auna zurfinsu, sannan na'urar ta fitar da jerin lambobi, shi kuma ya gyara biyu daga cikinsu da ya ce cinyewa ce ta sa suka karkace daga ma'aunin kamfani. Da waɗannan lambobi aka yanka sabon ƙarfe, ya goge gefensa da burushin waya, muka fita wajen motar. Makullin ya shiga sumul, ya juya ba tare da na taɓa sitiyari ba, abin da na manta rabon da na gani. Mai shagon ya ƙara da cewa in daina ɗiga man inji a ramin makunnin kamar yadda na saba, saboda man yana kama ƙurar hunturu ya zama laka, kuma in rage tarin makullan gida da na ofis da na rataya a zobe ɗaya, domin nauyinsu yana cinye ƙananan harsunan da ke cikin makunnin.

Gabatar da sabuwar ƙwayar ga motar bai ɗauki lokaci ba. Ya durƙusa ya jona na'urarsa a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD, ya fara da tsohon makullin don ya tabbatar babban makulli ne, domin Toyota tana ba da wani mai ruwan toka wanda yake tayar da mota amma ba a iya ƙara sabo da shi. Na yi sa'a nawa babban ne, fitilar tsaro ta mutu nan take da aka zura shi. Daga nan ya cire shi ya zura sabon, muka jira kamar minti ɗaya, fitilar ta daina ƙiftawa, ya murɗa, mota ta tashi.

Rimot ɗin ne ya ɓata mana rana. Maɓallan kulle ƙofa da buɗe ta ba su da alaƙa da ƙwayar, aikinsu daban ne, kuma wanda yaron shagon ya ɗauko mai aika sigina a zangon 433 MHz ne, na motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, alhali motocin Amurka 315 MHz suke ji. An yi ta dannawa babu amsa, sai da maigidan ya auna shi ya gano kuskuren, aka aiki yaro wani shago neman wanda ya dace, ni kuma ina tsaye a rana fiye da awa ɗaya, domin benci ɗaya ne a ƙofar shagon kuma a cike yake. Robar kan da aka kawo ma ba ta kai ta asali kauri ba, maɓallanta suna da tauri. Bai ɓoye mini cewa ba ta kamfani ba ce, wannan kuwa na ji daɗinsa.

Kuɗin da na biya, bayan an yi ciniki, ya ɗan haura na rabin tankin mai, tankin motar kuwa lita 70 yake ci. Da farko na ga tsadarsa, amma ina tsaye aka jawo wata mota da igiya wadda mai ita ya ɓatar da makullinta ɗaya tilo a wajen biki, na ji an yanka masa kuɗin da ya ninka nawa, saboda sai an buɗe ƙofa, an karanta haƙoran daga ramin makullin ƙofar, sannan an goge duk makullan da motar ta sani a sake farawa. Mutumin ya nemi a cire masa tsaron gaba ɗaya, ko a manna ƙwaya ɗaya a jikin zoben wayar yadda kowane ƙarfe zai tayar da motar, kamar yadda wasu masu gyaran wayoyin mota suke yi, mai shagon ya ƙi, ya ce ba ya yin aikin da zai sauƙaƙa wa ɓarawo.

Wannan magana tasa ita ce ta sa abin da zan faɗa yanzu ya fi damuna. Daga zuwana har tafiyata babu wanda ya nemi ganin takardun mota ko katin shaidata, kuma ban ga an nemi na mai motar da aka jawo ba, wanda shi ko tsohon makulli ba shi da shi. Ni na san motata ce, amma shi bai san ni ba, kuma direba ko ɗan aike ko wanda aka ba aron mota na awa biyu zai iya zuwa da makullin maigidansa ya fita da nasa na kansa, ya ajiye sai ranar da ya shirya. Da na yi masa maganar, ya ce yana gane mutumin kirki a fuska, amsar da ban gamsu da ita ba, tunda ɓarawo ba ya zuwa da tambari a goshi. Littafi ɗaya da za a riƙa rubuta lambar mota da lambar jikinta da sunan wanda ya kawo ta ya isa ya kare shi kansa ranar da ’yan sanda za su zo tambaya. Rasit ma sai da na nace kafin aka rubuta mini a bayan katin shagon.

Yau wata uku ke nan ina amfani da sabon makullin, bai taɓa maƙalewa ba, rimot ɗin yana aiki, ko da yake sai na matso kusa da motar fiye da yadda na saba da na asali. Duk wanda ya tambaye ni zan tura shi wurin, in ce masa ya tafi da takardunsa ko ba a nema ba, kuma ya sa a gwada rimot kafin a yanka ƙarfe. Tsohon makullin, da salatif ɗinsa, na ba uwargida ta ajiye a akwatin da takardun gida suke.