Jaguwa da damisa: ga yadda za ki bambanta su

'Yar'uwa, kin ce kin saya wa ɗanki littafin yara a kan 'ya'yan jaguwa a kurmi, shi kuma ya dage cewa damisa ce, kina tambaya ko dabba ɗaya ce. Yaron bai yi nisa da gaskiya ba, dangi ne na kusa, amma kowace da nahiyarta. Damisa tana Afirka da Asiya. Jaguwa kuwa daga Meksiko har arewacin Ajantina take, mafi yawa a kurmin Amazon da fadamar Pantanal ta Brazil.

Ki buɗe littafin ki sa shi ya kalli gadon bayan uwar da kyau. Dukansu suna da baƙaƙen zobba a jiki, sai dai zoben jaguwa ya fi faɗi, kuma sau da yawa akwai ɗigo ɗaya ko biyu a tsakiyarsa. Na damisa ƙanana ne, cikinsu babu komai. Ni wannan nake fara dubawa, domin akan sami hoton da aka sa wa sunan da ba nasa ba. Jaguwa kuma kakkaura ce, mai ƙaton kai da guntuwar jela. Damisa siririya ce, jelarta doguwa.

A wajen renon 'ya'ya kusan hanyarsu ɗaya. Goyon ciki kimanin kwana 100, haihuwa galibi biyu, 'ya'yan su zo idonsu a rufe, uwa ita kaɗai ke ɗawainiya. Ɗan jaguwa yakan buɗe ido bayan kamar mako 2, ya zauna tare da uwarsa har kusan shekara 2.

Abin da suke koya a wannan zaman ne ya fi burge ni. 'Yar damisa tana ganin uwarta ta shaƙe barewa a maƙogwaro, ta ja ta sama kan bishiya saboda zaki da kura. Ɗan jaguwa ba shi da waɗannan maƙiya, shi ruwa ne makarantarsa. Uwar tana iyo, tana kama kifi da kada, tana fasa ƙoƙon bayan kunkuru, har ta huda ƙoƙon kan abin da ta kama da haƙori. Idan littafin ya nuna ɗan yana jiƙe sharkaf a bakin kogi yana bin uwarsa, to marubucin ya san dabbarsa, ki tsaya wa yaron a wannan shafin.