Wayar talabijin a saman murhun ɗumama ɗaki: cikin bango ko kan bango?

Binne waya cikin bango ya fi kyau a ido, ba ka ganin komai sai allon, amma fa bangon nan ta cikinsa hayaƙi ke bi, zafi na cin robar waya a hankali har ta tsage, kuma wayar wutar da ta zo da talabijin ba a yi ta don binnewa ba, dole mai wayarin ya sa maka soket a bayan talabijin ɗin. Bututun roba kuwa, wanda ake saka waya a cikinsa, a kan bango ake manna shi, ka shafa masa fenti kalar bangon, in wayar HDMI mai kai hoto da sauti zuwa talabijin ta lalace ka buɗe ka canza. Ni dai bututun nake zaɓa, a bi da shi ta gefe nesa da bakin wutar.