Na biya dubu 40 a Wuse 2 aka "auna" min sha'awa, ga yadda ta kaya

Mata 'yan uwana bari in ba ku labarin wurin nan tunda da yawa cikinmu muna fama a ɓoye. Tun da na haifi Hanif abin ya ɗauke min ɗif, yanzu watansa goma sha ɗaya, maigida in ya matso sai in ji kamar an ɗora min wani aikin bayan na gama na yini, kuma wallahi ba wai bana sonsa bane. Kuɗin da na zuba a kayan mata kuwa Allah kaɗai ya sani, gumba, tsumi, kaza mai haɗi da ake aiko min daga Instagram, ba abin da na tsinta sai ƙiba da kumburin ciki. Wata ƙawata nas ce tace in daina wahalar da kaina in je in ga masaniyar halayyar ɗan Adam, ta turo min lamba.

Ofishin yana saman wata plaza a Wuse 2, ba wani allo a ƙofa da zai tona maka asiri, wannan kam na yaba. Ta WhatsApp ake kama layi, awa ɗaya naira dubu 40, taransifa ko POS. Na baro Kubwa da wuri saboda gosulo, na isa kan lokaci, amma sai da na yi zaman minti 45 kafin a kira ni. Sannan yarinyar risepshon ta ɗaga murya tana tambayata me ya kawo ni, ga wani bawan Allah zaune yana danna waya, haba don Allah. Nace mata zan faɗa a ciki.

Ita matar kuwa ba laifi. Dattijuwa ce mai sanyin magana, tana jin Hausa sosai, "Maman Hanif" take kirana tun daga farko har ƙarshe, hakan ya sa na ɗan saki jiki. Kafin ta ba ni komai sai da ta yi min bayani cewa a iliminsu sha'awa hali ce irin su saurin fushi ko tsoro, kowa da gwargwadon da aka halicce shi da shi. Tace an yi wani masani a Amurka, Jaak Panksepp, wanda ya yi shekaru yana binciken ƙwaƙwalwar dabbobi, shi ne ma wanda ya dinga yi wa ɓeraye cakulkuli har ya gano suna wani sauti mai kama da dariya. Ya ce akwai tushen ji guda bakwai da muka haɗa da dabbobi, neman abu, fushi, tsoro, sha'awa, reno, ƙuncin rabuwa da kuma wasa. Abin da ya ba ni dariya, da shi da abokan aikinsa suka tashi haɗa takardar auna waɗannan halaye a 2003 sai suka bar sha'awa a waje, don suna ganin mutane ba za su faɗi gaskiya ba. Nace to likita in Bature na jin nauyi ina ga ni Bahaushiya.

Fom ɗin da ta miƙo min wani ne daban, na Spector da abokan aikinta na 1996, tambaya 14 ne kacal. Yawanci za ki zaɓi lamba daga 0 zuwa 8, wasu kuma suna tambayar sau nawa abu ya zo miki a wata ɗaya da ya wuce. Nan ne na fara zufa duk da AC. Akwai tambayar da ke cewa in kin ga wani mai kyau karon farko yaya ƙarfin sha'awarki, ni matar aure! Na kalli biron na kalle ta, na zana 0 da sauri ina a'uzubillahi. Akwai kuma wasu na abin da mutum ke yi shi kaɗai, su ma sifili na jera musu ban ko gama karantawa ba. Kuma duk da turanci yake, ba fassara, wadda bokonta bai yi nisa ba sai dai a karanta mata da baki, wanda ya fi muni. A ganina wannan shi ne babban raunin abin, ma'aunin ba ya ganin komai sai abin da kika yarda kika rubuta, ba jini ake ɗiba ba balle a ce inji ya faɗa.

Amma dabarar da ta yi bayan nan ita ce ta fanshe kuɗina. Tace in sake cike wani kwafin, wannan karon in amsa a matsayin ni ta shekarar farko ta aurenmu. Da ta jera takardun biyu a tebur ni kaina sai da na yi shiru, inda na sa 1 da 2 yanzu, a wancan 5 ne da 6. Tace "Maman Hanif kin gani, halinki ba sanyi ba ne, yanayi ne ya danne shi." Ba makin ci ko faɗuwa a abin, kwatanta ki ake da kanki. Ni da na riga na yanke wa kaina hukuncin cewa haka Allah ya yi ni, har ina tunanin shi ya sa za a yi min kishiya.

Sai ta kawo zancen birki da totur. Wasu masana biyu ne, Bancroft da Janssen da suka yi aiki a cibiyar Kinsey a Indiyana ta Amurka, suka ce kowane mutum yana da abin da ke kunna shi da abin da ke taka masa birki, kuma kowanne ƙarfinsa daban a jikin kowa. Ta sa na lissafo nawa birkin, ashe sun fi ƙarfin yatsun hannu ɗaya. Yaro yana kwana a gadonmu, ƙanwar maigida tana ɗakin da ke manne da namu kuma ginin estate ɗin nan ko tari ka yi ana ji, tsoron kada in yi kwanika, tashin asuba don kama motar ofis, ga zafi da nake ji wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tace shayarwa tana ɗaga sinadarin prolactin ta sauke estrogen, shi ke kawo bushewar da rage sha'awa ga mata da yawa, kuma wasu magungunan ciwon damuwa ma suna yin haka. Wato ni duk wannan lokacin totur nake ta dannawa da tsumi alhali birkin hannu yana sama. Ta ƙara da cewa wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta yi bayani tun 2000 cewa mata da yawa sha'awar ba ta fara zuwa musu haka kawai, sai an fara hira da wasa tukunna take tasowa, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Ba ta sayar min da ko ƙwaya ɗaya ba, ba ta kuma taɓa min addini ko ta ce in yi wani abin da bai dace ba. Ta rubuta min takarda in kai wa likitan mata kan zancen zafin da kuma tazarar haihuwa, tace zama na gaba in zo da Abban Hanif.

In da zan ba su maki, uku da rabi cikin biyar. Kuɗin ya yi yawa ga mai ƙaramin albashi, risepshon ɗin na buƙatar gyara, fom ɗin kuma a nemi mai fassara shi a cire abin da bai shafe mu ba. Awa ɗayan ma minti 50 na samu don wata na jira a waje.

Maigida da na ba shi labari dariya ya dinga yi, wai dubu 40 don a ce min in mayar da yaro gadonsa. Amma dai jiya da kansa ya kira kafinta ya gyara ƙafar gadon Hanif da ta karye tun azumi, kuma ya ce zai bi ni ranar Asabar, da sharaɗin ba zai cike fom a gabana ba.