Kafin ka zuba kuɗin shinkafarka a wasan mota

Ɗan yayata ya kwashe shinkafar rani, kuɗi sun zauna masa, sai ga shi gidana a Gesse bayan la'asar, waya a hannu. Hoton wata baƙar BMW ce 'yar Kwatano. "Kawu, ita nake son ɗauka, in ba da a ƙara mata ƙarfin inji. In na je Dubai saro kaya kuma in shiga filin nan da kake ba mu labari." Na ce ya zauna a kawo shayi, don maganar ba ta tsaye ba ce. Irinsa suna da yawa tsakanin Birnin Kebbi da Jega, jininsu na son gudu, amma ba su san inda ya kamata kuɗin ya fara shiga ba.

Juya mota a bakin titi ranar ɗaurin aure, ƙura na tashi yara na ihu, ba shi nake nufi ba. Hanyar Argungu ma ba wurin gwaji ba ce, ga shanu ga 'yan kabu-kabu. Ina nufin ranar da ake buɗe filin tsere na kwalta ga talakan direba: kowa ya zo da motarsa ta gida, duk a fuskanci gefe ɗaya a yi ta zagaye, ga motar asibiti a tsaye, ga mai tuta a kowace kwana. Ba a ba da kofi, ba wanda ya zo na ɗaya. A Kebbi ba mu da irin wannan fili. Abin da muka gani kusa da shi shi ne jerin motocin bikin kamun kifi na Argungu, kamar na 2020 da ya taso daga Abuja, shi kuwa tafiyar hanya ce da baje kolin motoci. Mai son abin sai ya haɗa shi da tafiya waje, can kuma ƙofar shiga ba ɗaya ba ce.

Wadda na sani da jikina, lokacin da nake karatu a Amurka, ita ce ta ƙungiyoyin masu mota. Porsche Club of America da BMW Car Club of America suna hayar fili kwana ɗaya ko biyu su shirya makarantar tuƙi, haka ma NASA, ba ta 'yan sama jannati ba, wata ƙungiyar wasan mota ce mai suna iri ɗaya. Kafin ka taka fili sai an duba motarka: birki, taya, ƙafafu, yoyon mai, har da ranar da ka canza man birki. Sannan a raba ku aji-aji. NASA tana da aji 1 zuwa 4, wasu ƙungiyoyin launi suke amfani da shi, sabon shiga yawanci kore. Kowane aji ya fita na minti ashirin zuwa talatin, kamar sau huɗu a wuni, tsakani kuma a koma ɗaki a yi darasi. A ajin farko ba ka wuce kowa sai a miƙaƙƙiyar hanya, shi ma sai na gabanka ya fito da hannu ta taga ya nuna maka gefen da za ka bi.

Abin da kake saye da kuɗinka a nan, fiye da kwaltar, shi ne mutumin da ke zaune kusa da kai. Malaman nan 'yan sa kai ne, ba albashi, ladansu dai a rage musu kuɗin fili ko a yafe. Nawa wani dattijo ne da ya yi ritaya. Zagaye uku bai ce uffan ba. A na huɗu, muna dosar wata kwana, sai ya miƙa yatsa can gaba inda hanyar ke fita ya ce in kai idona can, in daina kallon hancin mota. Idan ya dunƙule hannu, birki. Idan ya buɗe tafi yana turawa gaba a hankali, totur. Da rana ya karɓi 'yar motata, wadda nake ta zargi da rashin ƙarfi, ya zagaya da ni. Taya ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba, amma sai da ya wuce motoci biyu da suka ninka tawa kuɗi. Na fito jikina a sanyaye.

Aibin wannan ƙofa shi ne sai kana da mota a ƙasar, kuma inshorar titi galibi ba ta biyan abin da ya faru a fili. In ka goga wa bango, kai da aljihunka. Ta fi dacewa da ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune can.

Ɗan kasuwa mai kwana biyar a Dubai, tasa ƙofar daban. Filayen tsere na Dubai Autodrome, da aka buɗe a 2004, da Yas Marina a Abu Dhabi suna ba da hayar mota da hular kwano da malami, ka biya ka shiga. Daɗinta ba ka da ɗawainiyar komai. Sai dai zagayen ƙirgagge ne, kana fara gane hanyar lokaci ya ƙare, kuma mafi yawan kuɗin sunan motar ka biya wa. Da ni ne, zan bar jar motar da ake ɗaukar hoto da ita, in ɗauki mafi ƙanƙanta da ke akwai, rarar kuɗin in sayi ƙarin lokaci. Ka kuma karanta takardar da za ka sa wa hannu, ka ga nawa ke kanka in an yi ɓarna. A Autodrome ɗin akwai filin ƙananan motocin tsere, masu kama da keken guragu mai inji, waɗanda manya ke rainawa. Su ne mafi arha, kuma daga kansu kusan duk direbobin Formula 1, babbar gasar tseren mota ta duniya, suka fara.

Nürburgring ta Jamus kuwa, hanyar tsere mai kilomita 20.8 da samari ke kallo a YouTube, ranakun da ake buɗe ta ga jama'a kuɗin zagaye kawai za ka biya. Ba aji, ba malami sai wanda ka ɗauko da kanka, kuma shingen da ka karya za a kawo maka lissafinsa. Ba ta sabon shiga ba ce.

Mu dawo kan motar. BMW ƙirar E46, ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2006, tana tura kanta da ƙafar baya, tana da daɗin kwana, amma an san ta da robobin da ke zagaya ruwan sanyaya inji, masu tsagewa in sun tsufa. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu namu da ke haura digiri 40. Mazda MX-5 ita ce 'yar lelen masu koyo a waje, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, sai dai kayanta a nan sai an yi odo. Civic ko Corolla mai giyar hannu ba ta burge kowa a majalisa, amma kowane bakanike ya san cikinta, kuma in ka yi kuskure hancinta ne ke zamewa waje, ka ɗaga ƙafa kaɗan ta dawo hanya. Jif mai tsawo kam ƙungiyoyi da yawa ba sa ma karɓa, don tsoron kifewa.

Kowacce ka ɗauka, kar ka taɓa injin tukuna. Fara da man birki. Shi wannan mai yana shan laimar iska, yana sha yana rage juriya. Sabon mai ajin DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuwa 260. In DOT 4 ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. Ya taɓa tafasa mini a ƙarshen miƙaƙƙiya: na taka, ƙafata ta nutse kamar na taka tuwo, sai da na yi ta bugawa kafin ya kama. Da na dawo gida na kai mota wani gareji a canza, yaron ya ɗauko wata gora a buɗe daga ƙarƙashin benci ya ce, "Alhaji, ai man birki ba shi ɓaci." Ka sayi gora mai hatimi, a buɗe a gabanka, a zuƙe tsohon duka. Kuma ka kula, DOT 5 ba ƙanen DOT 5.1 ba ne, na silikon ne, ba a gauraya su.

Taya kuma, Beljiyam mai zane kamar sabuwa tana ruɗi. Duba gefenta, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Akwai kuma harafin juriyar zafi, A ko B ko C. A ƙasarmu A za ka nema. Sababbi huɗu iri ɗaya masu matsakaicin kuɗi sun fi tsofaffi masu babban suna.

Hular kwano iri biyu ce a ma'aunin Snell, wata cibiyar gwada ingancin hula a Amurka. Mai alamar M ta babur ce, mai SA ta mota ce, shafin cikinta ba ya saurin kama wuta. Duk shekara biyar ake sabunta ma'aunin, shi ya sa za ka ga SA2015 ko SA2020 a manne a ciki, kuma ƙungiya kan ƙi wadda ta tsufa da yawa. Wasu suna karɓar M, wasu ba sa karɓa, sai ka tambaya kafin ka biya. Ta hannu kar ka saya ko da arha, don wadda ta taɓa buguwa ba ta nunawa a waje.

Yaron ya daɗe yana juya kofin shayi. Sai ya ce, "To Kawu, Civic ɗin da ke hannuna fa?" Na ce gobe mu kai ta a duba lambar tayoyin. Kafin ya tafi na sa an aro tef ɗin tela daga maƙwabta, muka zagaya kansa da shi daidai saman gira don awon hula. Santimita 58. Ya rubuta a wayarsa, ƙarƙashin hoton baƙar motar da bai goge ba.