Makirufo da sawunkad: abin da za ka fara saya kafin ka kira ɗakinka situdiyo

Kusan duk yaron da ya zo mini da maganar yana son fara ɗora murya a gida, hoto iri ɗaya yake nuna mini a waya: ƙaton makirufo rataye cikin zobe, faifan raga a gabansa, ga lasifika biyu masu rawayan ciki. Ƙanena, ajiye hoton nan tukuna. Abu huɗu kake buƙata a farko: kwamfuta, sawunkad (ɗan akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta), makirufo da hedifon. Lasifika ta jira sai aljihu ya yi nauyi. A cikin huɗun kuwa makirufo ne aka fi cutar mutane a kansa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Makirufo iri biyu za ka tarar, kwandensa da dainamik. Kwandensa shi ne na hoton. Yana da kaifin ji, sai an ba shi wutar 48V daga sawunkad yake aiki, kuma a ɗakin da aka gina don ɗaukar sauti ba ya da na biyu. To amma ina ɗakinka yake? Idan a Katsina kake, a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa ko wajen Ƙofar Marusa, bangonka siminti ne, rufinka kwano, keke napep na wucewa ta bayan taga, maƙwabci ya tayar da janareta, mai ruwa yana buga jarkoki a ƙofar gida. Kwandensa ba ya zaɓe, duk zai kwasa ya haɗa da muryarka, har da amsa-kuwwar bangon da kunnenka ya saba da ita ba ka ma jin ta. Ga zafin watan Afrilu, ka kashe fanka don kar ta shiga waƙa, baiti biyu ka jiƙe sharkaf. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan siririn faifan da ke cikinsa.

Shi ya sa ni kam Shure SM58 nake cewa yaro ya fara da shi, kuma ba na jin kunyar nuna son kai a nan. Tun 1966 ake ƙera shi, har yau fasalinsa bai sauya ba. Dainamik ne, ba ruwansa da 48V. Abin da ke gaban bakinsa yake ji, na bayansa ya yi watsi da shi, kuma tunda manne masa baki ake yi, muryarka tana danne hayaniyar unguwa tun kafin a je ga gyara. Ka bar tazarar yatsu biyu ko uku, ka ɗan kauce da bakinka gefe kaɗan don iskar "fa" da "ba" kar ta doke shi. Ka matsa kusa murya ta yi kauri, ka ja baya ta yi siriri, wannan kaɗai darasi ne da zai koya maka sarrafa murya fiye da kowane fulogin, wato 'yar manhajar gyaran sauti. Yana jure ihu, yana jure kalangu, in kai sha'iri ne yana jure mandiri. Ya faɗi ƙasa, ragar kansa ta lotsa, ka ɗauka ka ci gaba, ita ma ragar ana sayar da ita daban a sauya. Ranar da aka kira ka biki ko majalisi, shi ɗin dai za ka jefa a jaka. Kuma in ka gaji da harkar, na gaske ba ya kwantai, za ka sayar ka mayar da mafi yawan kuɗinka.

Aibinsa ɗaya ban ɓoye ba: saman sautinsa bai kai na kwandensa sheƙi ba, iyakarsa wajen 15,000 Hz. Waƙoƙin nanaye masu siririyar murya suna son wannan sheƙin. Sai dai ɗaga sama kaɗan da ikwalaiza, wato abin daidaita kauri da kaifin sauti, abu ne na minti ɗaya, cire kukan janareta daga murya kuwa aikin kwana ne, kuma ba ya fita tas.

Sauran fa? Audio-Technica AT2020 kwandensa ne mai kyau, ka saye shi ranar da ka samu ɗaki mai shiru. Rode NT1 ma haka, sai dai kuɗin ya fi. Samson Q2U dainamik ne mai kafar USB da ta XLR (wadda ake jonawa a sawunkad) a tare, in kuɗin sawunkad bai haɗu ba shi ne mafita. Shi kuwa BM-800 da ake haɗa wa da ɗan akwatin V8 mai maɓallan tafi da dariya, kayan hira ne a TikTok, ka bar wa masu shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ban san makirufon da aka fi yi wa jabu kamar SM58 ba, kuma jabun ya iya shiga: kwali iri ɗaya, 'yar jakar zif, takardar garanti, har da sitika. An taɓa miƙo mini ɗaya a wani shago, mai shi yana rantsuwa daga Dubai aka zo masa da shi. A gida na jona, ko motsa yatsa na yi a jikinsa sai ka ji "gurum-gurum" a hedifon, murya kuma kamar daga cikin gwangwani. Da na koma sai ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa. Tun daga nan na daina kallon kwali.

Fara da farashi. A Amurka, ƙasar kamfanin, kuɗinsa wajen dala 100 ne. Ka buga da canjin ranar, ka ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Duk wanda ya ce zai ba ka sabo dal a kashi ɗaya bisa huɗu na wannan lissafi, ka yi masa sallama, ba sai ka buɗe ba. Amma tsada ma ba shaida ba ce, don masu wayo a farashin na gaske suke sayar da jabun. Sai ka auna a hannu: na gaske yana da nauyi, wajen giram 300, jabu sau da yawa fayau yake. Ka kwance shi a tsakiya ka leƙa. A na gaske za ka ga wayoyi biyu, rawaya da kore, sun gangara cikin mariƙi inda aka dasa ɗan taransifoma da gam. In ka ga wayoyi sun zarce kai tsaye babu komai, ko an liƙa guntun ƙarfe don ƙara nauyi, magana ta ƙare. Masu jabun ma sun koyi kwaikwayon launin waya, saboda haka gwaji na ƙarshe kunne ne: a jona, ka sa hedifon, ka murza shi a tafin hannunka. Na gaske yana da abin da ke shanye girgiza a ciki, motsin hannu kaɗan ke shiga. Rubutun cewa a Sin aka ƙera kuwa ba hujja ba ne, kamfanin da kansa yana da masana'anta a Sin da Meziko.

Mai shagon da ya ce babu wuta ko babu abin gwaji, ka ce ka zo da kwamfutarka da sawunkad. In ya fara kame-kame ka fita. Gara ka kashe kuɗin mota zuwa Kano, ka shiga Sabon Gari tare da wanda ya san kaya, da ka yi tiransifa ga wani mai shafi a Instagram da ya ce yana kasuwar Alaba a Legas zai saka maka a mota. Wasu na da amana, ban musa ba, amma kai da ba ka taɓa riƙe na gaske ba, da me za ka kwatanta? Kafin ka tafi ka roƙi wani mai situdiyo ya bar ka ka riƙe nasa, ka ji nauyinsa da sautinsa. Hatta wayar XLR ana cuta a kanta, ka ga kauri a waje, ciki zare uku na jan ƙarfe.

Sawunkad ba ni da dogon zance: Focusrite Scarlett, jan nan. Daga kafar USB yake shan wuta, in an ɗauke wuta batirin laftof ya ishe su su biyun. Abin murza ƙarfin makirufonsa na da zoben haske, kore lafiya, ja murya ta fashe, ka rage. Yana da direbansa na kansa a Windows, wato manhajar da ke sa kwamfuta aiki da shi, kuma akwai maɓallin da kake jin muryarka kai tsaye ba jinkiri. Ƙaraminsu, Solo, makirufo ɗaya yake ɗauka da layin kayan kiɗa ɗaya. In kana da fiyano Yamaha PSR kana son ɗaukar sautinsa hagu da dama, yayansa 2i2 za ka nema. Kafin ka biya, shiga shafin kamfanin a wayarka ka yi rajistar lambar da ke ƙasansa, a nan za ka gane ko wani ya riga ka, kuma a nan ake ba da manhajojin kyauta. Behringer UMC202HD yana aiki in kuɗi sun gaza. Ƙanensa UM2 ba shi da direban kansa, tsallake shi.

Laftof ta hannu ta wadatar, HP EliteBook ko ThinkPad ko Dell Latitude, RAM 8GB zuwa sama, kuma lallai da ma'ajiya mai sauri, wato SSD. A nan ma akwai tarko. Za a ce maka "Core i7 ce", alhali ta 2011 ce. Duba lambar da ke bayan layin: i5-8250U zubi na 8 ne, i7-2620M zubi na 2, kuma ta farkon ta fi ta biyun nesa ba kusa ba. Ka cire caja a gaban mai shago ka ga yadda batirin ke sauka, don a batiri za ka riƙa ɗora murya. Cajar laftof a kan janareta takan jefa wani "zzzz" cikin sauti, da ka zare ta sai ya ɓace.

Manhaja kuwa, FL Studio kowa ya sani wajen haɗa kiɗa, amma mafi arhar bugunsa, Fruity, ba ya ɗaukar murya, sai Producer. Tsofaffin hannu har yau suna maƙale da Cubase. Ni Reaper nake nuna wa mai farawa: ƙarama ce, ba ta cinye data wajen saukewa, gwajin kwana 60 kyauta ba a rage komai ba, lasisinta dala 60. Na satar da ake tura maka a filasha da fulogin ɗari biyar, sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa. Don gyaran karin murya irin na Auto-Tune, MAutoPitch da Graillon suna da na kyauta.

Hedifon ka nemi rufaffe mai waya, don kiɗa kar ya tsiyaya cikin makirufo. ATH-M20x ya isa farawa, M40x in da hali. Sony MDR-7506 na da kyau amma shi ma jabunsa ya cika gari. Na Bluetooth yana da jinkiri, ba na wannan aikin ba ne. Wajen rage amsa-kuwwar ɗaki kuwa, kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kwalliya ce kawai. Jingina katifa a bayanka, rataya bargo mai kauri a gefe, shimfiɗa darduma. Ka ɗauki murya a 24-bit, ƙololuwarta tana yawo tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar, ka yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz, eko kaɗan. Da ka gama miksin, wato haɗa murya da kiɗa, tura wa wayarka ka saurara a lasifikarta, sannan ka ba wani mai keke napep ya kunna a tasa, tunda a nan mutanen Katsina za su ji ta.