Malamin lesin lissafi na unguwarmu ya cire min ƙaya

Wata biyu kenan da na kai autana lesin lissafi wurin wani malami nan Gwammaja, a shagon gidansu yake yi, allo ɗaya da benci huɗu. Aji biyar yake, kuma in dai aka zo haɗa 1/2 da 1/3 sai kawai ya tara sama ya tara ƙasa ya rubuto 2/5, ni kuma na san ba daidai ba ne amma wallahi in ce ga dalili na kasa, sai faɗa.

Ranar farko na ɗan tsaya daga bakin ƙofa. Malam bai taɓa alli ba, gurasa ya aika aka sayo guda biyu, ya yanka kowacce gida 6. Ya ce cire min rabin wannan, yaro ya cire 3. Cire sulusin waccan, ya cire 2. To nawa ke hannunka? 5 cikin 6. Sannan ya ce masa kai yanzu kana da rabin gurasa aka ƙara maka, ta yaya za ka koma 2/5 da bai kai rabin ba ma? Yaron ya yi tsuru-tsuru sai kuma ya fashe da dariya.

Sai da suka yi sati a haka kafin ya kawo maganar LCM, wai a nemo lamba mafi ƙanƙanta da duka na ƙasan za su shiga ba saura. Jiya yaron da kansa ya yi 3/4 a ɗebe 1/6, ya mai da su 9/12 da 2/12 ya samu 7/12. Har da rabon gado malamin yake kawo musu misali, sumunin mata da sudusin uwa, a mai da su kan 24 su zama 3 da 4, jimla 7/24, abin da suke ji a Islamiyya ashe duk lissafin ne.

Inda bai min ba, yaran sun yi yawa a ɗan shagon nan, ga zafi ba fanka, kuma lokacinsa na cin karo da Islamiyyar yamma. Na yi masa magana ya ce Hajiya a yi haƙuri, shi ma sai ya taso daga makaranta. Mun dai koma Alhamis da Juma'a kawai, kuɗin wata kuma bai rage ko sisi ba.